Abin da Ke Cin Kurfi

Baffa bai jefa kurfin ba. A hankali ya ajiye shi gaban tsohon, kuma da ya jefa da ya fi sauƙi.

"Baba, dubi wannan. Da safen nan fa ka ba ni shi."

Tsohon, wanda kowa ke kira Mai Dutse, ya ɗauki kurfin ya kai kusa da ido, ya juya shi wajen hasken ƙofa, ya shafa bakinsa da babban yatsa. Bakin ya yi giɓi-giɓi kamar ɓera ya gwaguye shi.

Tun Auta ba ta iya tafiya ba yake zaune a wannan kusurwa ta shagon kafintoci, kan wani guntun kututture, da duwatsun washinsa da gwangwanin ruwa. Duk ƙarfen da ke yanka a shagon, kurfin fafe katako ne, zarto ne, wuƙar sassaƙa ce, sai ya bi ta hannunsa. Mahaifin Auta ne ya kawo shi, kafin ya rasu shagon ya koma hannun ƙanensa, wato Baffa.

"Ba raini ba ne, Baba," in ji Baffa, "amma aiki yana tsayawa. In makon nan ya fita a haka, wajen mai injin bakin titi zan riƙa kai su. Kai ma ka huta."

Auta tana can ƙarshen shagon tana fafe ramin ƙafar kujera a jikin sandar gora, ta ji wannan "ka huta" har cikin ƙirjinta. Tsohon ba shi da wani wurin zuwa da safe in ba wannan kututturen ba. Kowa ya sani.

Dogo, babban ɗan Baffa, ya sunkuyo wajenta yana kaɗe garin katako daga gemunsa. "Tsufa ne," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ido ya tafi."

A shagon nan amsa biyu ce ke kashe kowace tambaya. In ka ce me ya sa ake yin kaza, a ce haka muka taras. In ka ce me ya sa kaza ya lalace, a ce tsufa ne, ko na ƙarfe ko na mutum. Daga nan kowa ya koma kan aikinsa da kwanciyar rai, kamar an gano wani abu. Tun da Auta ta dawo daga kwalejin fasaha take faɗa da waɗannan amsoshi, har ta samu sunan Injiniya, kuma ba don yabo ake kiran ta da shi ba. Ita ce ta matsa wa Baffa sai da ya yarda aka shigo da gora. Ta yi ta nanata masa cewa katako mai kyau yana ƙarewa, dazuka sun koɗe, ita kuwa gora ka sare ta bana ta sake tsayawa kafin ka gama ba da labari. Da ƙyar ya ce ta gwada da ƙananan kujerun da wata makarantar yara ta ce a yi mata.

"Yaya Dogo, idon nasa rana ɗaya ya tafi?" ta ce. "Bara da wane idon yake washi?"

"To, Injiniya, sai ki buɗe masa asibiti."

Tambayar ta riga ta shige ta, kuma ita in tambaya ta shige ta ko abinci ba ya yi mata daɗi. Ta tsaya tana kallon yadda ake aiki kamar yau ta fara zuwa. Akwai babban akwati a tsakiyar shagon, nan ake zuba duk ƙarafa. Mai bukata ya tsoma hannu ya ɗauka, ya gama ya mayar, wani ya ɗauka. Kurfin da ta fafe gora da shi yanzu, an jima yana hannun Dogo yana gyara ƙofar maɗaci, an jima kuma yana hannun Baffa. In ya dakushe, ba wanda zai iya cewa ga abin da ya yanka. Abu ɗaya kowa ya sani, wanda ya wasa shi.

Washegari ta riga kowa zuwa wajen tsohon. Ta zaɓi kurfi biyu masu faɗi ɗaya, ta ɗiga jan fenti a ƙotar guda, ta ɗiga fari a ɗayar.

"Kaka, wasa mini waɗannan. Iri ɗaya, kada ka fifita wani."

"Ke ma kin zo duba idon nawa ne?"

"Idonka me ya yi? Jiya daga nan ka hango na sa ɗankwalina a baibai."

Ya yi ɗan murmushi, ya zuba ruwa a dutse. Da ya gama, ta kai wa Dogo mai farin ta ce don Allah yau kada ya taɓa komai da shi sai maɗaci, kuma kada ya mayar akwati. Dogo ya ce shi dai a gidan nan ya ga abin mamaki, yanzu kurfi ma an fara yi masa rajista. Ita ta riƙe mai jan, ta hau gorarta.

Kafin a tashi cin abincin rana nata ya fara turjiya. Tana bugawa tana jin yana murƙushe gorar maimakon ya yanka. Ta je ta karɓi na Dogo, ta ɗauko gilashin ƙara girma da ta taho da shi daga makaranta, ta tsuguna gefen tsohon. Mai farin yana nan lafiya lau, bakinsa siririn layi ɗaya mai ƙyalli. Mai jan kuwa a cikin gilashin sai ka ce bakin tsohuwar katanga bayan damina.

Ta miƙa wa tsohon gilashin. Ya daɗe yana kallo, yana matso da shi yana janyewa.

"Duk hannuna ne," ya ce a hankali. "Dutse ɗaya, ruwa ɗaya."

"Shi ya sa na kawo maka."

Ya waiwaya ya ga Baffa yana waje yana magana da mai kawo katako, sannan ya sassauta murya. "'Yar nan, tun da Ƙarami ya fara ƙorafi nake ƙara kwantar da bakinsu." Shi kaɗai ne har yanzu ke kiran Baffa da sunan yarintarsa. "Kullum sai na ƙara sirantawa. Na ce ko hannuna ne ya yi sanyi. Dubi nan." Ya naɗe hannun riga. Tun daga wuyan hannu har gwiwa babu gashi ko ɗaya, duk ya aske wajen gwada kaifi.

Auta ta dubi hannun. Ashe ana zargin sa yana ƙara ƙoƙari, ƙoƙarin kuma shi ke ƙara ɓata lamarin. Bakin da aka sirante kamar reza, in ya gamu da abu mai tauri ai ɓantarewa zai yi.

Amma wane tauri? Nan ne kanta ya ɗaure. Gora fa danginsu ɗaya da ciyawa. Yaro ma yana ɗaukar doguwar sanda a kafaɗa ɗaya. Ka sa wuƙa a kanta ka buga, ta tsage har ƙasa kamar dama jira take. Maɗaci ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba, ga shi kuma bai yi wa ƙarfe komai ba. Ta ɗauki guntun gora tana juyawa. Cikinta fari ne, laushi, farce ma yana shiga. Bayanta ne mai santsi da sheƙi, kamar an shafa mata wani abu. Ta goga farce a kai, farcen ya zame. Can ta tuna wani malami a aji, rana ta yi zafi rabin ɗalibai na gyangyaɗi, yana cewa akwai tsirran da ke shan wani abu daga ƙasa su tara shi a fatarsu. Ta rubuta don jarrabawa, ta ci, ta manta. Ita ma ashe tana da nata irin haka muka taras.

Da yamma ta koma gida da ƙulli biyu a jakarta. Ɗaya ɓawon gora ne da ta kankare, ɗaya kuma ɓarɓashin maɗaci. Ta samu Inna, mahaifiyarta, a kicin tana yanka albasa. Ta nemi gwangwanayen kifi biyu da aka yar, ta wanke, ta zuba kowane ƙulli a nasa, ta ɗora kan wuta.

"Me kuma za a dafa mana yau?" in ji Inna.

"Toka nake so."

"Toka. Wasu 'ya'yan in sun yi karatu su zo wa uwarsu da firji. Buɗe taga kafin ki kashe ni da hayaƙi."

Sai da komai ya cinye ya yi fari ta sauke. Da ya huce ta taɓa tokar maɗacin, ta ji ta lukui kamar hoda, tana murzawa tana ɓacewa. Ta taɓa ta gorar. Da farko kamar ɗaya suke, sai da ta murza sosai ta ji wani ɗan gardi-gardi tsakanin yatsunta, ƙanana ƙwarai, amma suna nan. Ta waiga tana neman abu mai sheƙi, idonta ya faɗa kan murfin sabuwar tukunyar Inna. Ta jiƙa yatsa, ta dangwali tokar maɗaci ta goga a gefe guda, ta share. Ba komai. Ta dangwali ta gorar ta goga a ɗaya gefen. Tun tana gogawa take jin ƙaramar ƙara, ta share ta ga wurin ya dushe, ya cika da siraran zane.

"Inna, zo ki gani."

Inna ta zo ta gani, amma ba abin da Auta ke nuna mata ta gani ba. "Murfina? Wanda ko baƙi ban fara fitar wa ba?"

"Yashi ne, Inna. A cikin fatar gorar yake. Wuta ta cinye komai ta bar shi."

"Ni ma yanzu zan cinye ki in bar takalmanki." Ta fizge murfin, ta kai shi wajen haske don ta ga girman ɓarnar. Sai kuma ta sa yatsa ta taɓa tokar da kanta, ta murza. "Ikon Allah. To ta ina ya shiga?"

Auta ta fara bayani da zumuɗi, yadda saiwa ke shan ruwa, ruwan yana ɗauke da narkakken abin da ke cikin ƙasa, ruwan ya fita ya bar shi a fata. Tana tsakiyar magana ta tsaya, don sai a lokacin ta ji abin da bakinta ke faɗa. Gorar da ke cin ƙarafan Baffa tata ce. Ita ta kawo ta, da hayaniya da wa'azi.

Da safe ta tari Dogo a bakin shago ta nuna masa murfin, wanda Inna ta ce ta tafi da shi tunda ta riga ta kashe shi. Dogo ya saurara har ƙarshe, ya sosa gemu.

"Kin san abin da zai biyo baya ko? Yau ɗin nan zai sa a fitar da sandunan nan. Dama neman dalili yake."

"Na sani."

"To ki bari mana ki gama kujerun. Tsohon nan ko yau ko gobe dama zai ajiye aikin. Ba ke kika kore shi ba."

Maganar ta shige ta, ba za ta yi ƙarya ba. Ta hango kujerun a jere, an kai makaranta, mutane suna tambaya wa ya yi. Ta hango Baffa yana cewa a ƙaro gora. Abin da ake bukata kawai ta sa murfin a jaka ta yi shiru, irin shirun da kowa ke yi a shagon, wanda ba a kiran sa laifi. Sai ta leƙa ciki ta ga tsohon ya riga ya zauna kan kututturensa, ya jera duwatsu, ya cika gwangwani da ruwa, amma gabansa babu ƙarfe ko ɗaya. Baffa bai jira ƙarshen mako ba. Ya kwashe su duka ya naɗe a buhu, yana ɗaure bakinsa da igiya.

Ta wuce Dogo ta shiga.

"Baffa, kafin ka fita, ara mini hannunka."

"Ina sauri, Auta."

"Yatsa ɗaya kawai."

Ta ajiye gwangwanayen biyu kan teburin aiki, da murfin, da kurfi mai ja da mai fari. Ta faɗi abin da ta yi tun daga ɗigon fenti, ba ta tsallake komai ba. Baffa ya tsaya da buhu a hammata yana kallon ta kamar mai sauraron tallan magani. Amma da ta tura masa gwangwanin, ya sa yatsa. Ya murza ta maɗacin. Ya murza ta gorar. Ya sake murzawa. Sannan ya ɗan taɓa a haƙoransa na gaba, ya tauna, fuskarsa ta yamutse, ya tofar.

"Ƙasa ce," ya ce.

"Danginta ne. A makaranta silika ake ce masa. Duk bugun da muka yi, kamar muna sara a dutsen washi ne. Ko mai injin ka kai wa, kafin azahar za su dawo haka. Ya ma fi muni, don inji ci yake ba ya tausayi, wata nawa ne ƙarafan za su ƙare."

Baffa ya ajiye buhun. Ya ɗauki guntun gora daga ƙasa, ya ƙwanƙwasa shi a gefen tebur, ya karɓi gilashinta ya duba fatar, ya duba kurfin mai ja. Sauran kafintocin sun bar aiki sun zagaye teburin, kowa yana miƙo yatsa cikin gwangwani. Rabon da Auta ta ga mutanen shagon nan suna son sanin wani abu har ta manta, sai ta ji daɗi ya kama ta duk da ta san abin da ke tafe.

"Wato," in ji Baffa, yana jan kalmar, "ciyawar taki ce ke cinye mini ƙarafa, ni kuma ina nan ina ɗora wa dattijo."

"Eh, Baffa. Amma akwai dabara. In aka fara kankare fatar, aka tsaga maimakon a yi ta yanka, aka kuma..."

"Dogo, ku kwashe sandunan nan ku kai bayan shago."

"Baffa, ka bari in gama mana. Abin da ya kawo mu nan ke nan, ba a tsayawa a ji..."

"Na ji. Na ma ɗanɗana." Ya nuna ta da guntun gorar. "Kujerun yara kin yi alkawari, ki gama su a can baya ƙarƙashin rumfa. Amma hannunki kada ya sake shiga akwatina. Wannan mai jan da kika riga kika kashe, na bar miki. Bayan kujerun nan kuma ban yi alkawarin komai ba."

Auta ta ɗauki mai jan ta matsa gefe.

Baffa ya ɗauki buhun ya nufi kusurwa. Ya tsuguna gaban tsohon, abin da Auta ba ta taɓa ganin ya yi ba, ya kwance igiyar da kansa, ya baje ƙarafan a kan tabarma.

"Baba, ga su."

Tsohon bai miƙa hannu ba. "Na ɗauka hutu aka ba ni."

"Baba, a yi haƙuri. Bakina ne ya yi gaba."

"Tun kana yawo ba wando bakinka ke yin gaba, Ƙarami." Ya bar shi a tsugune har sai da Dogo ya juya baya yana danne dariya, sannan ya jawo kurfi ɗaya ya duba. "Duk sai na mayar da bakinsu yadda yake. Na sirante su sun zama na wanzamai. Yau kam sai dai ku yi aikin guduma."

An kwashe gorar zuwa baya. Rumfar ta kwano ce, ga zafi, ga tarin guntayen katako da ba wanda ya damu ya share. Auta ta yi ta jifa da su gefe da ƙarfin da ya wuce bukata. Da zuciyarta ta ɗan sauka ta ɗauki kurfinta ɗaya tilo ta koma wajen tsohon.

"Kaka, wannan kada ka kwantar da shi. Ka tayar da bakin, ya yi kauri."

"Kauri kamar yaya?"

Ta nuna masa da tafin hannu, ta karkata shi sama.

"Wannan ai gatari ne. In wani ya gani ya ce ni na wasa, da wane ido zan kalle shi?"

"Ka ce Injiniya ce ta sa ka. Kowa ya san ba ta da hankali."

"Kuma zai ci?"

"Ban sani ba. Ina jin zai fi jurewa. Sai mun gwada."

Ya yi tsaki, ya zuba ruwa a dutse mai kaushi, ya ɗaga ƙotar sama fiye da yadda hannunsa ya saba. Hannun yana ta son komawa ƙasa, yana dawo da shi yana mita. Da ya gama bai miƙa mata ba. Ya dafa gwiwa ya tashi, ya bar ƙarafan Baffa a baje, ya ce ta wuce su je, shi ma yana so ya gani.

A ƙarƙashin rumfa ta kankare fatar wata sanda da guntun tsohon zarto har farin ya fito. Ta ɗora kurfin daidai kusa da gaɓa, inda ta fi tauri, ta buga. Ya shiga da nauyi, ba irin shigar da ta saba ji ba, amma ya yanka. Ta fafe rami ɗaya, ta koma na gaba, ta yi ta yi har gumi ya jiƙa mata wuya. Sannan ta goge bakin a zanenta, suka haɗa kai a kan gilashin.

"Akwai ɗan wani abu nan gefe," in ji tsohon.

"Ina? Ni ban gani ba."

"Nan. Matso da shi. Ɗan giɓi ne, bai kai na jiya ba." Ya karɓi kurfin yana juya shi a rana. "Ƙara wasu ramukan tukuna. In ya ƙaru, sai in sake tayar da shi kaɗan."